Bakan Habu da Ba a Kwance Ba

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar marka, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Baba ya shigo tsakar gidanmu na Unguwar Kanawa da sandar marke a kafaɗa, ya ce wa Inna ta ara masa tukunyar sirace. Inna na tsugune tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Malam, tukunyar yaron?" Ya ce ai aikin ma na yaron ne. Yaron shi ne Habu, ƙanena, yana zaune a bakin ƙofa cikin bargo, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, amma yana washe baki kamar an ce masa gobe Sallah. Ni aka sa hura wuta. Itacen girki duk ya sha ruwa, hayaƙi ya cika mini ido, ina fifita ina zagin damina a ciki-ciki.

Habu da amosanin jini aka haife shi. A lokacin mu dai ciwon sanyi muke ce masa, don da zarar hadari ya haɗu ƙasusuwansa za su fara ci. Sai Inna ta dafa ganyen darbejiya da na gwaiba a wannan tukunyar, a lulluɓe shi da bargo a kanta ya sha tururi har zufa ta jiƙe shi. Ba ya langa, ba ya ƙwallo a filin bayan makaranta, ba ya bin yara kamun fara a gonakin da ke bayan unguwa. Ni ce mai jan ruwa a rijiya, ni ce mai kai niƙa, ni ce kuma mai dukan duk ɗan da ya ce masa ƙashi-da-rai. Na taɓa fasa wa ɗan wani ma'aikacin gwamnati baki a kan haka, uwarsa ta zo da takalmi mai tsini tana Turanci, Inna ta ba ta haƙuri, ni ban ba ta ba. Abin da Habu yake da shi a duniya kajinsa ne. Kowace kaza da sunanta, yana zaune yana watsa musu tsaki yana musu faɗa kamar mai unguwa. Sai shaho ya gano gidanmu. Ranar da ya sure wadda Habu ke kira Hajiya, a gaban idonsa, bai yi kuka ba. Ya jira Baba ya dawo ya ce, "Baba, ka yi mini baka irin na Kaka."

Baba kafinta ne, yana da rumfa kusa da Babbar Kasuwa inda yake buga benci da kabad. Amma mahaifinsa maharbi ne a wani ƙauye ta ƙasar Zazzau, a wurinsa ya ga yadda ake bakan da kunnuwansa biyu ke juyawa baya, wanda ya fi miƙaƙƙe ƙarfin tura kibiya. Tun rani ya saro marken ta hanyar Zariya, ya ɓare shi, ya jingine a inuwar zaure. Kullum ya dawo aiki sai ya ɗan sassaƙa da gizago, ya kankare da fasasshiyar kwalba, tsakiya da kauri, bakin nan biyu suna sirancewa. Habu na gefe yana tara ɓawon a gwangwani, wai na kajinsa ne.

To ran Asabar ɗin nan, da ruwa ya tafasa, Baba ya gitta bakin sandar a kan tukunya, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya toshe gefe da tsumma don kada tururi ya tsere. Warin ɗanyen itace ya gauraye gidan. Habu ya leƙo daga cikin bargonsa ya ce, "Baba, ni shekara nawa ana turara ni a tukunyar nan, ban lanƙwashe ba?" Inna ta yi dariya har ta zubar da gari. Da itacen ya yi laushi, Baba ya fizge shi da tsumma a hannu, ya ruga wurin wani katako da ya kafa wa ɓarin tsohon turmi a kowane gefe. Ya danna bakin sandar a kan cikin turmin a hankali, yana sauraro da kunne ko zai ji ƙara, ya ce mini, "Uwata, ɗaure!" Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na naɗa robar tayar keke da dukkan ƙarfina, zafi na cin yatsuna. Muka juya ɗaya gefen muka yi masa haka. Baba ya share goshi ya ce yanzu sai haƙuri, itacen zai zauna a ɗaure har ya bushe ya manta da miƙewa, kuma da laimar damina abin zai ɗau lokaci.

Bai yi kwana nawa a ɗaure ba ciwon ya taso, irin tasowar da ba mu taɓa gani ba. Sirace bai yi ba, allurar asibiti ta kwantar da ciwon kwana biyu ya dawo. Habu ya daina tambayar kaji, baka kawai yake tambaya. Nakan goya shi in kai shi zaure, ba nauyi ko kaɗan, ya miƙa hannu ya shafa robar ya ce, "Yaya, ya bushe?" In ce saura kaɗan. Ni dai na ga abin da na gani a fuskar yaron nan. Wata safiya na tare Baba zai fita, na ce ya kwance masa bakan ya riƙe ko sau ɗaya. Ya ce, "Uwata, bai bushe ba. In na kwance yanzu miƙewa zai yi ya koma sanda. Habu zai tashi ya harba da hannunsa." Na ce to ya zauna da itacensa, tun da itace ya fi masa ɗa. Inna ta buge mini baki. Baba ya ja kekensa ya fita.

Da hantsin Laraba Habu ya cika, ana yayyafi, kansa a cinyar Inna. Bayan an dawo daga maƙabarta Baba ya ɗauki katakon nan yadda yake, da bakan da robar, ya cusa a rufin zaure. Bai ƙara saro marke ba. Inna ta kife tukunyar a bayan ɗaki har ta yi tsatsa. Shaho ya ci gaba da zuwa, ina jifansa da dutse ina kuka, har kajin suka ƙare. Na daɗe ina gaishe da Baba da baki kawai.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, a can wata malamar asibiti ta zo ta yi mana bayanin sikila da gwajin jini kafin aure, na zauna a kan benci ina jin sunan abin da ya cinye ƙanena. A wajen lokacin ne, Baba ya tsufa ina ba shi kunu a baki, na tambaye shi me ya hana shi kwancewa. Ya dubi ƙofa ya ce, "Tun kafin ki yi magana ya bushe, Uwata. In na kwance, na yarda ke nan ba zai tashi ba." Har yau ina nan a kan bakana, da ya kwance. Amma a ranar na daina fushi.

Bayan rasuwarsa, da za a rushe zauren a yi shaguna, na hau kujera na sauko da katakon. Robar ta ruɓe tuntuni, ina taɓawa ta zube kamar toka, ashe shekaru ba abin da ke riƙe da bakan. Na ɗaga shi, kunnuwansa biyu a juye, lafiya lau, ko tsaga babu. Yanzu gonakin bayan unguwa duk sun zama gidaje, ba mai kiwon kaji a tsakar gida, shahon ma na manta rabon da in gan shi. Jikokina an yi wa iyayensu gwaji, suna gudu cikin ruwan sama ba mai lulluɓe su. Ɗaya ya ga bakan rataye a ɗakina ya ce in sa masa tsirkiya ya gwada. Na ce a'a, yana da mai shi.