Ranar da na wanke funfunar Malam

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe wata safiyar Litinin a unguwar Lamorde ta Yamai ba, shekarar da fari ya koro makiyaya har bakin gada da ƙasusuwan shanunsu.

Na gama kwaleji ke nan, aka samo mini aikin wanke kwalabe a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kusa da jami'a. Satina biyu. Shugabana a wurin wani malami ne Badamagare, mai magana kamar ana jawo guga daga rijiya mai gaba talatin. Ni kuwa ba a haife ni da jira ba. Duk bayanin da ya fara, kafin ya kai tsakiya na ce, "Na gane, Malam." Ban gane komai ba.

Lokacin soji ne. Babba yakan faɗo ma'aikata ba sallama, ya tarar da datti ko kujera ba kowa, shi ke nan, mutum ya koma gida. Da safiyar nan mai gadi ya raɗa mini cewa wani kumandan na tafe, Malam kuma ya tafi tarbo shi.

Na leƙa ɗakin baya. Faranti goma sha biyu na jiƙaƙƙiyar dusa, funfuna ta rufe su, kore da fari, wari kamar tuwon da ya kwana bakwai. Na ce kai, maza da ƙazanta! Ilimi har Faransa, amma a rasa mai wanke faranti. Na kwashe duka na zuba a rami, na bi farantan da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ina yi ina yaba wa kaina.

Suka shigo. Malam na gaba yana bayani, ranar ce na fara sauraronsa har ƙarshe. Wai funfunar nan kiwonta yake, wata bakwai yana zaɓenta. In ta ci dusa ta yi tsami, sai ta fitar da wani ruwa da suke kira anzim. Ruwan nan ake so ya narkar da ɓuntun da injin casar shinkafa ke jibgewa a bakin kogi, ya yi laushin da dabba za ta iya ci.

Ya buɗe ƙofa. Faranti na ƙyalli.

Kumandan ya shafa tebur da yatsa, ya duba. "Wa ke share nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Madalla, ƴata. Duk Yamai ban ga wuri mai tsabta haka ba. To Malam, ina abin?"

Na waiga wajen Malam. Na ga takardar sallama a fuskarsa, sai bakina ya riga hankalina: "Ranka ya daɗe, tsabtar da ka yaba, ita ce abin. Na wanke shi."

Kumandan ya dube ni. "Wata ɗaya," ya ce. "In na dawo ban ga dattin nan ba, ku biyu za ku tafi."

Da ya fita, Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗauki farantan ɗaya-ɗaya yana karkata su wajen taga. A na tara ya tsaya. Can a lungu, ɗan kore kamar ƙwayar gero ya maƙale, inda gaggawa ta hana sosona isa.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali, "da ba ki iya wanke-wanke ba."

Daga wannan ɗigon muka tada ita. Kwana ashirin da shida ina yayyafa wa dusa ruwa, ina leƙen funfuna kamar mai jego. Da kumandan ya dawo, ya toshe hanci ya sa hannu a takardar barin mu a bakin aiki, bai ko kalli inda nake ba.

Tun daga ranar, in na ga abin da ban gane ba, hannuna yana baya har sai na tambaya. Haƙuri dai har yau ban same shi ba, amma na daina cewa "na gane" kafin mutum ya rufe baki.