Shakarmo Mai Jera Takalma

A ƙauyenmu na kwarin Bartang rana ba ta saurin leƙowa, sai ta gama hawa dutse tukuna. Kafin ta leƙo, hayaƙin gidan Inna Shakarmo ya riga ya tashi. Za ta dafa shayin madara da gishiri, ta jefa ɗan man shanu, ta gutsura gurasa a ciki ta ci ita kaɗai. Sannan ta jawo buzun tunkiya zuwa tsakiyar ɗaki, daidai ƙarƙashin tagar rufi inda haske ke sauka, ta zauna da kwandon ulu da tsinkayen saƙa. Haske na matsawa tana matsawa, har ya hau bango ya ɓace. Shekara arba'in da wani abu ta yi tana bin wannan haske a ƙasan ɗakinta, tana saƙa safa.

Ba safar zaman gida nake nufi ba, wadda kowace mace ke haɗawa tana hira. Safar aure nake nufi, doguwar nan mai kaiwa gwiwa, mai launi iri-iri, wadda amarya ke kai wa kowa a gidan miji, tun daga suruki har ɗan goye, a ce aikin hannunta ne. Da ita ake auna amarya. Uwar miji za ta juya safar ciki waje a gaban mata, ta bi zaren da farce, kuma abin da ta faɗa a ranar shi zai bi yarinyar har tsufanta.

To, ku riƙe wannan: yawancin safar auren da aka yaba a ƙauyenmu, tun ina yaro har na yi furfura, ba amaren suka saƙa ba. Shakarmo ce. Kuma har kakar bana, da ɗanta ya aiko a ɗauke ta, babu mahalukin da ya taɓa ce mata sannu da aiki a gaban mutane. Saura kaɗan ta bar kwarin nan a haka.

Mu maza kuwa, Allah ya shirye mu, ba mu san komai ba. Mun san ta ne da ɗabi'a guda: duk gidan da aka taru, suna ko biki ko gaisuwar mutuwa, Shakarmo ba ta shiga ciki sai a ƙarshe. Tana nan bakin ƙofa a durƙushe, tana jera takalman mutane. Har tsokanarta muke yi.

"Inna, nawa ake biyan ki aikin nan?"

"Ku dai ku shiga," in ji ta. "Mutum ya fito ya tarar da takalminsa a kife, ai ba daɗi."

Ashe awo take ɗauka. Ba ta da halin zuwa gidan ango ta ce a miƙo ƙafa, nan take asiri zai tonu. Sai ta zura hannu cikin takalmi, ta auna tsawo da taƙi, ta ji inda babban yatsa ya tura fata, ta ji inda dunduniya ta cinye. Ta san wanda ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama, ta san tsohon da idon sawunsa ke kumbura. Ƙafafun ƙauyen nan kaf suna cikin tafin hannunta, alhali ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba.

'Yan matan da rana tsaka suke zuwa, da bokiti a hannu kamar za su ɗebo ruwa. Wata maraya ce, ba uwar da za ta koya mata. Wata makaranta ta cinye lokacinta. Wata kuma, a faɗi gaskiya, hannun ne kawai Allah bai ba ta ba. Shakarmo ba ta tambayar dalili. Za ta miƙa wa yarinya tsinke da zare ta ce, "Yi mini layi uku in gani." Ba gwaninta take nema ba, kuskure take nema. Mai gaggawa tana sakin zare, mai tsoro tana ɗaure shi tamau, bahaguwa tana karkatar da ado. Sai ta ɗauki kuskuren nan ta dasa shi a cikin saƙarta, kaɗan dai, yadda uwar miji za ta yarda hannun yarinya ne. Ku yi tunani, gwana ta zauna tana ɓata aikinta da gangan don wata ta tsira da mutunci!

Kuma ba ta taɓa maimaita ado ba, domin ado ɗaya a gida biyu ai fallasa ce. Kowace amarya da nata. Ta yi ƙahon rago, ta yi kunama, ta yi sawun tsuntsu, da suka ƙare ta shiga ƙirƙiro nata. Ta kan dubi zanen ƙofar gidan su yarinyar, ko tsagar da ke jikin akushinsu, ta mai da shi ado. Ulun ma ita ke kaɗawa, ta rina da ɓawon albasa da wata jar saiwa da take haƙowa a gefen kogi, kuma ta kan sauya rinin don kada launi ya nuna gidan da ya fito.

Labarin Sabzagul shi ne wanda kowa ya gani da idonsa. Sabzagul ta tashi ba uwa, a bayan tumakin ubanta, ga baki kamar reza amma ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa. Aka ba ta Mirzobek, wanda uwarsa ta taɓa mayar da safar wata amarya gidan iyayenta a kan tire. Ranar biki tsohuwar ta juya safar Sabzagul ciki waje, ta bi ta da farce, ta rasa aibin da za ta kama. Sai ta hango Shakarmo a bakin ƙofa.

"Ke mai takalma, an ce kin san zare. Zo ki duba mana."

Shakarmo ta karɓi abin da ta kwashe wata biyu tana saƙawa, ta jujjuya shi kamar yau ta fara gani.

"Ba laifi," in ji ta. "Dunduniyar ta ɗan karkace. Amma yarinya ce, za ta koya."

"Karkace ina?" Tsohuwar ta fizge safar. "Hassada dai! Ke kin iya irin wannan? Ku gane mini mata, an fi ta ta rasa abin faɗa!"

Aka yi ta dariya. Shakarmo ta sunkuyar da kai ta koma wurin takalmanta. Tun daga ranar Sabzagul ta zama 'yar gaban goshin uwar miji, Shakarmo kuwa aka ƙara mata suna na biyu, mai hassada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mirzobek ya yi shekara talatin yana ɗage wando a majalisa yana nuna mana safar. Da muka tambayi me ya sa matan nan ba sa sake irin wannan saƙa bayan aure, sai suka ce haihuwar fari ce ke ɗauke ido. Muka yarda, wallahi muka yarda, har muna faɗa wa baƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Duk yarinyar da Shakarmo ta rufa wa asiri, daga ranar biki ta daina zuwa gidanta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kada a ga suna shiri a yi zargi. Za a wayi gari ta tarar da ƙullin gari ko kwanon man shanu a bayan ƙofa, amma ba fuska. A hanya su gaisa sama-sama, kowa ta kawar da ido. Kowane biki sai ya rage mata mutum ɗaya, har aka kai ga ƙauye ya cika da matan da ke ƙaunarta a ɓoye, ɗakinta kuma babu mai shiga. Mijinta Aliyor ya rasu tun ɗansu na rarrafe. Ɗan, Kurbonsho, ya tafi aikin gini Rasha kamar sauran samarinmu, ya yi aure a can, ya turo hoto a waya. Yaron kirki ne, bai taɓa barin ta da yunwa ba. Amma matar da ta saƙa wa iyayen miji na ƙauye guda safa, babu amaryar da ta taɓa kawo mata ko ƙafa ɗaya.

Inna Shakarmo, ke ce kika ji ana yabon aikinki da sunan wata, kika ce "madalla" tare da masu cewa. Ke ce kika san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban san me kike gaya wa ranki ba idan kin dawo daga biki kin rufe ƙofa, kin tarar murhu ya mutu. Na dai san ba ki taɓa gaya wa kowa ba.

Bara yatsunta suka fara ƙin lanƙwasuwa. Bana tsinke ya daina zama a hannunta. Ta ci gaba da jawo buzu ƙarƙashin tagar rufi, ta ajiye kwandon a cinya, ta zauna kawai. Tata safar ta daɗe da rabar wa masu zuwa kiwo, ita kuma ta koma sa 'yar siririyar nan ta kasuwar birnin Horog, wadda sanyi ke ratsawa kamar babu. Kurbonsho ya ce ba za ta sake yin hunturu ita kaɗai ba, ya aiko mota ta ɗauke ta kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Ranar tafiya da hantsi muka taru a gidanta shan shayin sallama. Ta karɓe mu, sannan ta durƙusa da ƙyar a bakin ƙofarta tana jera mana takalma. Mata sun cika ɗaki, kowace ta ƙura wa kofinta ido. Aka yi zancen hanya, aka yi zancen tsadar gari. Direba ya leƙo ya ce rana na yi. Shakarmo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tuna adon kowace, ta ce a ranta shi ke nan, haka ya fi musu.

Sai ga Sabzagul ta faɗo ɗakin tana haki, jikoki uku gare ta yanzu amma bakin na nan. Ta ciro wani abu daga hammata ta jefa a cinyar Shakarmo. Safa ce, in dai za a kira ta safa. Ƙafa ɗaya adonta ya tsaya a hanya, ɗayar kuma launin ya rikice, ga zare na leƙe ta ko'ina.

"Ga saƙata," in ji Sabzagul da ƙarfi. "Ta fari ke nan a duniya. Tun bazara nake fama da tsiyar nan, na warware ta ya fi sau nawa. Wadda mijina ke ɗage wa mutane wando a kanta kuwa, ga mai ita nan zaune."

Mirzobek ya ƙware da shayi. "Ke! Me kike faɗa haka?"

"Abin da ka ji, Malam. Sauke ƙafar wandonka."

Shakarmo ta firgita. Ko a lokacin, jama'a, ko a lokacin ƙoƙarin rufa musu take yi.

"Kada ku biye mata," in ji ta. "Tsufa ne ya fara taɓa ta. Ni ina na iya irin..."

"Yaya, bari," wata ta katse ta daga lungu. "Tawa ma ke ce."

"Da tawa."

"Mai kunamar nan ta gidanmu ma."

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Muryoyi suka yi ta fitowa, wasu da kuka, wasu da dariya, mu maza muna zaune baki buɗe kowa na satar kallon ƙafarsa. Shakarmo ta juya safar ciki waje yadda iyayen miji ke yi, ta bi zaren da karkataccen yatsanta.

"Sabzagul," in ji ta, "na ƙirƙiro kuskure iri-iri a rayuwata, amma irin wannan bai taɓa zo mini ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ta cire ta kasuwar, Sabzagul ta durƙusa ta zura mata sabuwar. Sai dariyar ta tsaya a fuskar tsohuwar. Safar nan duk muninta ta zauna cif, dunduniya a dunduniya, har da ɗan sarari daidai inda ƙashin babban yatsanta ya turo.

"Wa ya ba ki awon ƙafata?"

"Wa zai ba ni? Ranar sunan gidan maƙwabtanki, da kika shiga ciki, na tsaya a ƙofa na sa hannu a takalminki."

Shakarmo ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko ranar da aka kai Aliyor, sai a wannan hantsin.

Da safar a ƙafarta ta shiga mota. Yanzu tana can wani bene a Rasha, Kurbonsho ya ce tana yini a bakin taga, kuma ta hana kowa wanke safar sai ita. A nan kuwa an rufe tagar rufinta da katako. Da safe na kan duba wajen gidan don ganin hayaƙi, sai in tuna. In an yi taro takalma na nan a warwatse a bakin ƙofa, kowa ya fito sai ya yi ta laluben nasa.

Mun gode, Inna Shakarmo, mai sutura ta ƙafa da ta mutunci. Mun makara, kuma mun san mun makara. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa 'ya'yan mutane, ya sassauta miki ciwon yatsu, ya nuna mana fuskarki in hanya ta buɗe.

Ku kuma masu karatu, in Allah ya ba ku hannu, ku yi aiki irin nata, ku ɗaga wani ba tare da kun tsaya a faɗi sunanku ba. In kuwa ku aka yi wa, kada ku ajiye man shanu a bayan ƙofa ku gudu. Ku ƙwanƙwasa, ku shiga, ku zauna a sha shayi, tun kafin mota ta zo.