Ranar da Yero Ya Girmi Sambo

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da Alhaji Sambo ya zo daga Bauchi duba aikinmu. Lokacin ina matakin albashi na bakwai, ni ce a teburin rajista na ofishin inshorar lafiya a Azare, ana tsakiyar damina.

Bari in yi wa sababbin ma'aikata a cikinku bayani. Rajistar inshora sau ɗaya ake buɗe ta a shekara, in ta wuce ka sai baɗi. A shekarar kuwa aka buɗe wata ta musamman domin tsofaffi: duk wanda ya cika sittin da biyar ya zo a ba shi kati, ya riƙa ganin likita da karɓar magani. Sharaɗin guda ne, shaidar shekaru. Da yake yawancin tsofaffinmu an haife su ne lokacin da ba a rubuta haihuwa, an yarda mutum ya zo da mai unguwarsa ya tsaya masa, mu kuma mu duba da ido, mu yi aiki da hankali.

Alhaji Sambo Mataimakin Darakta ne, mutumin Gamawa. Gemunsa baƙi wuluk, amma baƙin na kanti ne, in kwana ya ja sai ka ga fari yana leƙowa daga gindi. A fayil shekarunsa hamsin da huɗu. Tun da na kama aiki yake hamsin da huɗu. Ma'aikaci dai a sittin yake ritaya, shi kuwa Alhaji bai ga abin gaggawa ba.

Ya iso da hantsi, da ɗan jaridar gidan rediyo a bayansa riƙe da na'urar ɗaukar magana. Ya dubi layin tsofaffi, ya yatsina fuska, ya ce daga yanzu an soke shaidar mai unguwa, takardar kotu kawai za a karɓa.

Shugabar ofishinmu, Hajiya Falmata, ta ce, "Ranka ya daɗe, wasu daga Gadau suka taso, wasu daga Dambam. Rajistar kuma ƙarshen mako za a rufe."

"Hajiya, ƙaryar shekaru ita ta kashe ƙasar nan," in ji shi, yana karkata baki wajen na'urar. "Ba za a yi ta a gabana ba."

Ya bi layin da kansa yana tsince mutane. Wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ya ce mata ba ta kai ba. Wani dattijo da aka riƙo hannunsa don ba ya gani ya ce ya je kotu ya dawo. Kafin a jima an kore fiye da rabi, suka koma gindin darbejiyar bakin ƙofa suka zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, don ba su san inda za su nufa ba.

Na ci gaba da waɗanda suka rage. Can sai ga wani tsoho ya dogaro sanda ya iso gabana, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma. Ciwon suga ne, ya ce, gyambon ya ƙi warkewa tun bara, maganin kuma ya fi ƙarfinsa. Sunansa Malam Yero, manomi daga Gamawa. Shi yana da takardar kotu, ya yi ta tun lokacin katin ɗan ƙasa. Sittin da bakwai. Na fara cika masa fom ke nan ya ɗaga kai ya hango Alhaji.

"A'a! Yaya! Ashe kai ne a nan?"

Alhaji ya yi kamar da bango ake.

"Yaya Sambo, ni ne fa, Yero. Kai ka karɓi naka katin? Ai kai ya kamata a fara ba, ka ba ni shekara huɗu cur."

Ɗan jarida ya matso da na'urarsa. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne a watan nan kwamitin tantance ma'aikata yana zagayawa, duk wanda aka kama ya rage shekaru sallama ce ba ko sannu. In ƙanen Alhaji yana da sittin da bakwai, ko ɗan firamare zai iya sauran lissafin.

Na ga gumi ya keto wa Alhaji ta ƙarƙashin hula. Ya zo ya sunkuya kusa da ni ya ce a hankali, "Wannan takardar akwai shakka a kanta. Ajiye ta."

Na dubi ƙafar tsohon, na dubi Hajiya Falmata. Ita ta amsa, kuma da ƙarfi ta amsa: "Ranka ya daɗe, hatimin kotu ne a jiki. In ta ƙarya ce sai mu kira ɗan sanda a kama mai ita."

Alhaji ya miƙe. Ko dai ya sa a kama ɗan'uwansa, ko ya kama kansa. Sai ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙora ba, ya juya wajen ɗan jarida ya ce, "Tsufa ne ya ruɗa shi. Yayana ne wannan, shi ne babba a gidanmu. Ni ƙanensa ne, can ƙasa."

Malam Yero ya dube shi. Na zaci zai yi gardama, ko ya yi kuka. Sai ya gyara riƙon sandarsa.

"To. Ni ne babba?"

"Kai ne, Yaya."

"Madalla. Sambo, ɗauko mini kujera, ƙafata na ciwo."

Mataimakin Darakta, da babbar riga da agogon zinare, ya je ya ɗauko kujerar roba ya ajiye. Tsohon ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Waɗancan na gindin bishiya kuma, je ka ba su haƙuri ka shigo da su. Akwai sa'annin mahaifiyarmu a ciki. Ba haka muka tarbiyyantar da kai ba."

Ya tafi. Wallahi ya tafi, ɗan jarida na biye da shi. Tsohuwar nan marar haƙori ita ta fara shigowa, an riga an ba ta labari a waje. Kun san a wajen Fulani Sambo sunan ɗa na biyu ne, Yero na uku. Ta tsaya a bakin teburina ta ce, "'Yar nan, na daɗe a duniya, amma yau na fara ganin gidan da Yero ya riga Sambo zuwa."

Hajiya Falmata ta shige bayan kabad, kafaɗunta na rawa don dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta buga hatimi. Kafin la'asar duk wanda ya zo da mai unguwarsa ya samu kati. Alhaji bai tsaya cin abincin da aka shirya masa ba, labarin kuma bai fito a rediyo ba, ban san yadda suka ƙare da ɗan jaridar ba. Ƙafar Malam Yero ta warke ba a yanke ta ba. An ce har yau in an yi taro a gidansu shi ake fara gaisarwa, Alhaji na zaune a gefen tabarma.

Don haka in tsoho ya zo teburinku ya ce an haife shi shekarar da fari suka cinye gero, kada ku yi masa kallon maƙaryaci. Shi bai san shekarunsa ba ne kawai. Mu ma'aikata mu ne muka san namu sarai, shi ya sa muke iya gyara su.