Ɗakin Kallon Baffa Inuwa

Abin da na fara gani ranar da Baba ya kai ni wurin aikin Baffa Inuwa shi ne zanin Gwaggo Ladi, matarsa. Amma ba ita ce a ciki ba, talabijin ce ta ɗaura shi. Na duba gefe, injin bidiyo ma da tasa rigar, ta ragowar atamfa, har da ɗinkin baki. Majigin da ke kan tebur kuwa tsohuwar hular Baffa aka kifa masa a ido. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba.

"Uwata, ki gaishe su mana," in ji Baffa. "Duk sun girme ki."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsu na ci. Shi yayan Babana ne, shi ne kuma mai kula da ɗakin kallo na laburaren kwalejin nan ta bayan kamfanonin Sharaɗa. Makarantarmu tana tashi tun Baba bai fito daga kamfani ba, sai aka yanke in riƙa jira wurin Baffa, da yamma Baba ya biyo mu hau adaidaita sahu zuwa Zawaciki. Ni ba mai magana ba ce. Lungu nake samu in zauna, in yi ta kallon mutane.

Ga shi Baffa ya rasu farkon damina, yanzu kuma an ce ƙarshen zangon nan za a kwashe kaset-kaset da faya-fayen a ba 'yan gwangwan, a zuba kwamfutocin jarrabawa a ɗakin. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani tun kantocin suna nan.

Dokar Baffa ta farko: ba a ba mutum fim ɗin da ya tambaya. Cewa yake mara lafiya ba ya rubuta wa kansa magani. Sai ya sauke tabarau kan hanci, ya dube ka tun daga hula har takalmi, sannan ya taka kujera ya ɗauko wanda ya ga ya dace da kai. Wata rana wani ɗalibi dogo mai ɗan gemu, Nura, ya shigo idonsa jajur.

"Malam, a ba ni na soyayya. Mai ban tausayi."

"Ta daina ɗaukar waya?"

Nura ya sunkuyar da kai. "Tun shekaranjiya."

Baffa ya ɗauko wani kaset, ya goge shi da hannun riga, ya tura. Sai ga ayarin fataken gishiri suna ratsa sahara.

"Malam, raƙuma ne fa!"

"Na sani, ai ba makaho ba ne ni. Zauna. Ka ga na gaban nan? Tun da suka taso bai ga ruwa ba. Ka ji ya yi wa wani kuka? Kai shekaranjiya kawai!"

Nura ya zauna yana cika yana batsewa. Ina lura da ƙafarsa, da farko karkaɗa ta yake, can sai ta tsaya cak. Da sati ya zagayo ya dawo da fara'arsa, wai ko akwai na biyu.

"Na biyu sai ta sake ƙin ka," in ji Baffa.

Ranar Asabar kuwa ta ma'aikata ce. Tun da daɗewa Baffa ya roƙi hukumar kwalejin ta bari a riƙa buɗe musu bayan azahar. Na Sharaɗa a ƙafa suke zuwa, na kamfanonin fata na Challawa sai ka ji ƙanshin sabulu ya riga su shigowa, don sun dirje jikinsu sosai kafin su taho. Har daga Bompai akwai masu tako keke. Da sun zazzauna, Baffa sai ya cire wa talabijin zaninta, ya linke, ya murɗe murya ƙasa gaba ɗaya.

"Baturen nan mai bayani a ciki ba shi da ladabi," yake cewa. "Ba sallama, ba ina wuni, kawai sai ya hau magana."

Sai ya tsaya gefen allon da tsohuwar eriyar rediyo a hannu, shi ke bayani. Ranar da aka sa na tsuntsayen nan na ƙanƙara, masu baƙar kwat da farin ƙirji, masu tafiya tinƙis-tinƙis, ya nuna su da eriya.

"Jama'a, nan ƙasar Rasha ce. Waɗannan masu aikin dare ne aka sallamo. Ku dubi tafiyar. Isiyaku, ga ka nan a baya, barci kake a tsaye."

Ɗaki ya kaure da dariya. Malam Garba mai koyar da labarin ƙasa, wanda ya leƙo neman wani faifai, ya kasa haƙuri.

"Haba Malam Inuwa, ina Rasha a nan? Can ƙarshen kudancin duniya ne fa."

"Akwai ƙanƙara?"

"Akwai."

"To Rasha ce."

Mamman mutumin Damagaram, mai aiki a wurin jima, ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Malam, shin ana cin su?"

"Je ka kamo ɗaya, wuƙa tana wurina."

Kai, Baffa! Tsiminsa kuwa ba a magana. Ba ya yarda inji ya mayar da kaset baya, wai wahalar da tsoho ne. Biro yake zurawa a rami ya yi ta juyawa yana hira. Janareta ma ba ya yarda a tayar masa. Wata Asabar ana tsakiyar kallon zakanya ta biyo barewa, saura ƙiris ta cafke ta, sai aka ɗauke wuta. Kowa ya ce wash!

"Ba wanda zai tashi," in ji Baffa. "Na san ƙarshensa."

Ya buɗe taga, ya ci gaba da ba da labarin da baki. Barewa ta yi tsalle, ta zille, ta bi ta cikin ƙaya, zakanya ta yi tuntuɓe ta faɗi a kunyace. Barewa ta koma gida, 'ya'yanta suka tarye ta. Mamman har da hamdala. Ana cikin haka wuta ta dawo, allo ya haska, ba a jima ba sai ga zakanya kwance baki duk jini, ƙafar barewa tana reto.

Duk ido ya koma kan Baffa. Shi ko gezau.

"Wannan wata ce," ya ce. "Waccan tana gida."

Ni ban taɓa tambayarsa fim ba, kunya ba ta bari. Wata rana ɗakin ba kowa, ya ce in matso, ya sa mini wani ɗan gajere na bushiya. Da wani abu ya motsa sai ta dunƙule. In an jima ta fito da ɗan hancinta, ta shinshina, ta ci gaba da neman abinci.

Da kyar na ce, "Baffa, me ya sa kuka ba ni wannan?"

"Ke kika ce na ba ki? Ni kallona nake." Ya ci gaba da juya biro. "Amma ki duba, Uwata. Tana dunƙulewa, gaskiya ne. Ba ta dai kwana da yunwa."

Allah ya jiƙan Baffa Inuwa, ya yafe masa Rasha da barewa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Tun rasuwarsa ɗakin a kulle yake. Ni yanzu a barandar laburare nake jiran Baba. Asabar ɗin da ta wuce na ga Mamman ya zo, ya kare ido da tafin hannu ya leƙa ta gilashin taga, ya daɗe a haka. Isiyaku ya iso, suka gaisa, suka zauna kan dakali kamar masu jiran wani. Da aka kira la'asar suka tashi.

Jiya na je ofishin Hajiya, shugabar laburaren. Na tsaya bakin ƙofa ina murza gefen hijabina har ta ɗago.

"A'a, 'yar Malam Inuwa ce? Shigo mana. Ashe za mu ji muryarki wata rana."

Na gaishe ta, na faɗi abin da ke tafe da ni, rabi a ciki rabi a waje. Ta ajiye biro.

"'Yata, ba ni na yanke ba. Kuma komai yana cikin waya yanzu. Ko na buɗe, wa zai zaɓa musu? Wa zai tsaya ya yi bayani?"

Na dubi ƙasa, sannan na ɗago.

"Ni, Hajiya. Duk na kalle su, na san inda kowanne yake. Don Allah ku ba ni makullin ranar Asabar, har zuwa ranar da za a kwashe. Suna zuwa fa, Hajiya. Kada su riƙa tarar da ƙofa a rufe."