Ranar da Aka Yi wa Gadon Hajiya Tururi

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a unguwar Briqueterie, ba zan manta da Asabar ɗin da injin tururi ya shigo gidanmu ba. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ni ce irin yarinyar da ake mantawa tana cikin ɗaki. A lekol, wato makaranta, ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma ido kam, Allah ya ba ni.

Gidan na kakata ne, Hajiya. Ɗakuna bakwai kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Uku namu ne, sauran na 'yan haya. Ɗakin ƙarshe wani mai ɗinkin hula daga Nijeriya ne ya kama, shi da matarsa da tagwayensu, watansu biyu ke nan. Maman Biyu muke ce mata. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Fulatanci, in mata suka juya harshe sai dai ta yi murmushi.

Wata rana kuɗin cizo ya fito yana yawo a wuyan rigar ɗan maƙwabciyarmu, a gaban baƙi. Kunya ta kama matar, ta ce ai ba a taɓa ganin wannan ƙazanta a gidan nan ba sai da katifar Nijeriya ta shigo. Kafin la'asar kowa ya yarda. Hajiya ta yanke hukunci: ƙarshen wata su nemi wani wuri. A unguwarmu kuwa ɗaki ba ya samuwa da sauƙi, balle ga wanda irin wannan labari ya riga shi isa.

Ni na san wani abu. Ni ke kwashe shanya idan hadari ya taso, kuma tun kafin azumin bara nake ganin ɗige-ɗige baƙaƙe a gefen zannuwan gado na kowane ɗaki, har da namu. Na lura kowace mace sai ta ninke zanenta biyu, ta mayar da gefen mai tabo ciki, sannan ta shanya. Kowa na da shi, kowa na sayo maganin feshi a kasuwar Mokolo ya ɓoye a ƙasan jaka. Amma na ja bakina na yi shiru har mako guda.

Goggo, ƙanwar babana, aikin share gidaje take yi a unguwar Cité Verte, da injinta take yawo. Hajiya ta kira ta ta gyara ɗakin baƙin, kada abin ya yaɗu kafin su tashi. Injin kamar ƙaramar tukunya ne mai taya, da doguwar tiyo. Ta zuba ruwan famfo, ta jona wuta, ta buɗe jaka cike da fararen tsummoki da ta yanka daga tsofaffin tawul ta kalmashe bakinsu.

"Ina ruwan jabel mai kashe ƙwari? Ina magani?" in ji Hajiya. "In ruwan zafi ne kawai, ai ina da murhu."

"Hajiya, murhunki ba ya shiga ɗinkin katifa," in ji Goggo. Ta miƙa mini bokiti. "Duk tsumman da na cire ki jefa nan. Sai an tafasa shi zai shiga wani ɗakin, ko da kin gan shi fari fat."

Maman Biyu ta riga ta fitar da kayanta waje, tana tsaye da yaro ɗaya a baya ɗaya a hannu. Mata suka cika bakin ƙofa. Goggo ta ɗaure tsumma a bakin tiyo, ta bi ɗinkin katifar a hankali, tururi na huci. Ta bi kusurwoyi, ta bi tsagar bango. Da ta warware tsumman, ƙura ce kawai da 'yan ƙananan kuɗin cizo guda uku.

"Katifar nan sabuwa ce, ko ledarta ba a gama cirewa ba," in ji Goggo. "Waɗannan baƙi ne a nan. Gidansu na wani wuri."

"Ɓuya suka yi," in ji Hajiya. "Magana tana nan yadda na faɗa."

Maman Biyu ta durƙusa. "Hajiya, don Allah ki duba yaran nan."

Har yau ban san daga ina muryar ta fito ba. Na dai ji kaina ina cewa, "Goggo, a gwada gadon Hajiya."

A ɗakin Hajiya nake kwana, na san abin da ke hana ni barci. Yanzu da na girma na gane cewa da ɗakin wata na nuna, da faɗa aka yi ranar, ba shara ba.

"Ke bebiya," in ji Hajiya, "yau kika samu baki, kuma a kaina? To mu je. In ba a samu komai ba, kunnenki zai ba da labari."

Gadon katako ne mai nauyi, tun na aurenta. Goggo ta ɗaura sabon tsumma, ta saka tururin a mahaɗar katakon kai. Ko minti biyu ba a yi ba wani wari ya tashi, tsumman ya koma baƙi da ja-ja. Ta canza wani, shi ma haka. Na runtse ido ina jiran mari.

Hajiya ta daɗe tana kallon tsumman. Sai ta karɓe shi da hannunta, ta fita tsakar gida, ta ɗaga shi sama.

"Ku gani da kyau. Wannan na mai gida ne. Saura na wa?"

Can sai matar da ta fara maganar ta gyara ɗankwali, ta ce a hankali, "Goggo, in kin gama, ki ɗan leƙa nawa." Wata ta tuntsire da dariya, ta ce a sa ta a layi. Nan take aka fara jan katifu waje.

Hajiya ta juya wurin Maman Biyu. "Mayar da kayanki ciki, 'yata, ki yafe mini. In don wannan ake tashi, ni ya kamata in fara, kuma ba inda za ni."

Har magariba ana aiki. Maman Biyu ce ta hura gawayi ta ɗora babbar tukunyarta, tana tafasa tsummoki, ni ina matsewa ina kai wa Goggo. Bayan mako biyu Goggo ta dawo saboda ƙwayayen da suka tsira, ta sake dawowa karo na uku, daga nan muka samu barci. Kowane ɗaki ya yanka nasa tsummokin, aka yi musu alama da zare mai launi daban. A gidan nan tagwayen suka fara tafiya, daga nan suka shiga lekol.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kunyar da kowa ya ɓoye ba ta ɓacewa, kan wanda ba shi da mai tsaya masa take sauka. Shiruna na mako guda ma yana cikin abin da ya kusa korar matar nan. Tun daga lokacin in na ga gaskiya ina faɗa, ko murya na rawa, amma daga ɗakinmu nake farawa.