Yadda Na Kulle Kuɗin Injina a Maraɗi

Dakoro

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da Baffa Illa, ƙanen mahaifina. Ku da na baro a Kaduna kun san abin da ya kawo ni ƙasar nan ta Nijar: bayan rasuwar Baba na sayar da shagonsa, na ce zan koma garinsu in kafa injin niƙa, in ya kankama in ɗauko matata Hadiza da yara. Kuɗin injin nan su ne ɗaure a ƙuguna a wannan safiya, kuma sun fara ramewa. Tun da na sauka gari bai taɓa wayewa ba a yi sallama da ni ba. Wannan ɗan gwaggo ne, matarsa ta haihu. Wancan kakansa ya yi kiwo tare da kakana, raƙuminsa ba lafiya. Kowa sai ya fara da yi wa Baba addu'a har idona ya ciko, sannan ya gyara zama. Ta ina za ka ce babu, alhali duk unguwa an san akwai?

A Dakoro ma akwai inda ake ajiya, amma mai karɓar kuɗin sahunmu ɗaya a masallaci. Shi ya sa na ce sai Maraɗi. Baffa ya ce zai raka ni tunda ban san gari ba, ba na kuma jin Faransanci. Raina bai so ba, amma ba a ce wa uba ya zauna.

Motar kasuwa muka samu, mutane a ciki, awaki a sama. Sai da rana ta fito direba ya ga dama ya tayar.

Shingen jandarma

Ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu, kowa ya miƙa katinsa. Jandarma ya juya nawa, ya dube ni.

"Ɗan Najeriya, sauko."

Wallahi abin ya ci mini rai. A Kaduna tun ina yaro ɗan Nijar ake ce mini, a makaranta, a layi, har a gidan surukai. Yau na zo Nijar ɗin, an mayar da ni inda na fito. Baffa ya sauko a hankali, ya ce, "Mushe," wato yallaɓai a Faransanci, "ɗan wana na. Ubanai nan Dakoro anka yanke mai cibi." Na nuna takardar zama da na karɓo a meri, wato ofishin magajin gari, aka ce mu tafi. Mai mota ya bi ni da harara kamar ni na kafa shingen.

Maraɗi

Kafin azahar muka shiga gari, tafiyar kilomita ɗari da wani abu. Kabu-kabu biyu suka kai mu bankin farko. A bakin ƙofa Baffa ya ja ya tsaya, ya sami inuwa ya zauna. Na ce mu shiga, ya ce a'a, in je in fito. Haka ya yi a duk inda muka je, ni kuwa daɗi ma na ji.

A ciki wani mai ɗamarar wuya ya ce in kawo takardar albashi da ta wutar lantarki mai sunana. Na ce ba ni da albashi, gidan Baffa kuma fitilar sola muke kunnawa. Ya ƙara da cewa duk wata za su cire ladan ajiya.

"Wato in ba ku kuɗina ku juya, sannan in biya ku?"

"Haka tsarin yake, mushe."

Na tattara takarduna na fito ina huci.

Banki na biyu mun tarar an tashi hutun rana. Muka ci shinkafa da wake a bakin titi, muka yi sallah, muka jira. Da aka buɗe, wata mata mai fara'a ta karɓe ni, ta ce za su ba ni kati, su haɗa asusun da wayata, duk inda nake ko a Dakoro ne in latsa kuɗi su fito. Tana faɗa tana murna. Abin da na gudo kenan. In dangi suka ji kuɗi suna cikin waya, ai ko banɗaki na shiga sai an jira ni a ƙofa.

Muka sauka gidan wani abokin Baffa, mai sayar da hatsi. An kawo mana dambu da zogale, ga fura mai sanyi. Mutanen kirki ne, ba wanda ya tambaye ni me ya kawo ni.

Washegari na sami wani ƙaramin asusun ajiya a bayan kasuwa. Nan aka gaya mini akwai ajiyar da ake kullewa wata shida, ba kati, ba waya.

"Ko dangina sun zo suna kuka?"

"Ko kai ka zo kana kuka," in ji ma'aikacin.

Ban taɓa sa hannu da sauri irin na ranar ba. Lissafina shi ne kafin wa'adi ya cika an yi girbi, na sami fili, na je Kano na zaɓo inji. Na fito ƙuguna sakayau. Baffa ya ce, "An gama?" Na ce an gama. Bai ƙara ba, ban ƙara ba.

Kornaka

A hanyar dawowa, muna isa Kornaka Baffa ya buga jikin mota ya ce a sauke mu. Na bi shi ina mita, muka ratsa bayan kasuwa zuwa wani gida. Maigidan, Malam Idi, ya yaye tamfol. Injin niƙa ne, kusan sabo, da kayan gyaransa cikin buhu. Ya tayar da shi, ƙararsa tas. Mutumin zai tafi arewa haƙar zinariya jibi, kuma arahar kuɗin da ya yanke ko a mafarki ban zata ba.

Baffa yana ta murmushi. "Sati ukku ina bin shi, sai jiya ya sallama ta waya. Tunda kuɗi na banki, latsa waya su hito."

Na ce masa ba sa fitowa. Na gaya masa wata shida.

Murmushin ya ɗauke. "Mi ya hana ka hwaɗa mini?"

"Baffa, kai me ya hana ka gaya mini? Kwana muka yi ɗaki ɗaya!"

"Ba a hwaɗin ciniki tun bai ƙullu ba, baki na ɓata shi. Kuma so nike ka gani da idonka."

"To da ka shigo bankin ai da ka ji!"

"In tsaya bisa kanka ana ƙilga dukiyarka? Ni ubanka na, ina jin kunya."

Na kira asusun. Suka ce sai na zo da kaina na rubuta roƙo, a zauna a duba, kuma ba abin sati ɗaya ba ne. Na roƙi Malam Idi ya jira, ya ce motarsu ba ta jira, ga wani daga Birnin Lalle ma yana hanya da kuɗi a hannu. Ya mayar da tamfol ɗinsa.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wace irin kunya ce za ta sa mutum ya zauna a inuwa ana kashe masa ciniki a ciki? Wane irin baki ne ya fi wannan ɓarna? Ina cikin wannan faɗan a zuci, muna tsaye bakin titi, Baffa ya juyo ya tambaye ni a hankali, "Wai don wa ka kulle su?"

Na dubi ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya juya ya tsayar mana da mota.

Gida

Ana kiran magariba muka shiga Dakoro. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai masaukinmu na Maraɗi da iyalinsa. Na gode wa Baffa Illa, wanda ya biya mini kuɗin mota daga Kornaka, don aljihuna ba ko dala. A cikinku wanda ya fara ganin Hadiza ya ce mata ta kwance kayan da ta ɗaure, ta mayar da yara makaranta.