Rayuwa da Mutuwar Shirin Hutun Alheri

Kai da ka ga sanarwar rufe wannan shiri a allon jami'a ka wuce abinka, da ke da kika adana hotonki da yara a waya kika manta sunayensu, ku tsaya ku karanta tarihin abin da kuka kau da kai daga gare shi.

Haihuwa

An haifi Shirin Hutun Alheri a shekarar 2009, a wani ƙaramin ofis da ke bayan ɗakin karatu na jami'a. Mahaifiyarsa wata malama ce a sashen ilimi, mahaifinsa kuwa shugaban ɗalibai na wancan zamani, wanda aka fi sani da Ciyaman. Manufarsu ita ce a riƙa tura ɗalibai wata ƙasa maƙwabciya duk dogon hutu, domin su koya wa 'ya'yan masu dako na tashar jiragen ruwa karatu da rubutu.

Ƙuruciya

A shekarar 2010 ayarin farko ya isa. Iyayen yaran suka roƙi hukumar tashar aron wani tsohon sito, suka share shi, suka haɗa bencina da katakon akwatunan kaya. Ɗaliban suka cinye farkon hutun wajen yi wa bango fenti, suka koyar da rabin littafin farko, sannan suka dawo gida bisa alkawarin cewa masu zuwa baɗi za su ɗora.

Aiki

Ba wanda ya ɗora. Dokar shirin ta haramta wa ɗalibi zuwa sau biyu, wai don kowa ya sami rabonsa na tafiya, kuma babu ayarin da ya taɓa zama da wanda ya gabace shi ya tambayi inda aka tsaya. Saboda haka kowace shekara sababbi kan fara da fenti, su buɗe shafin farko, hutu ya ƙare musu a tsakiyar littafi. Yaran suka laƙaba musu suna Malaman Fenti. A shekarar 2014 wata yarinya, 'yar mai gadin siton, ta miƙe ta ce wa ɗalibin da ke koyar da su, "Yaya, wannan shafin ko da ido a rufe sai in karanta maka. A ɗan buɗe mana gaba mana." Ɗalibin ya yi dariya ya ce, "Haƙuri, ƙanwata, haka tsarin yake."

Aure

Bayan ritayar malamar a shekarar 2016, aka ɗaura wa shirin aure da ofishin yaɗa labarai na jami'a. Daga nan aka rage kwanakin koyarwa, aka ƙaro mai ɗaukar hoto, aka riƙa mayar da manyan yara bencin baya domin ƙanana sun fi kyau a kalanda.

Shekarun Ƙarshe

Zuwa shekarar 2019 fenti ya yi kauri har ƙofar siton ta daina rufuwa, iyaye kuma suka fara janye manyan yaransu zuwa dako. A ranar bankwana wata uwa ta tari shugabar ayari ta ce, "'Yata, Allah ya saka, amma bangon nan kullum da sabuwar riga, ɗana kuwa har yau sai an karanta masa rubutun jikin buhu." Aka tafa mata, aka ɗauke ta hoto, ba a kawo maganarta gida ba. Wannan abin kunya ne ga duk wanda ya taɓa zama a ajin jami'ar nan.

Rasuwa

Shirin ya rasu a shekarar 2023 a wani zaman kwamiti, ba tare da ko mutum ɗaya ya tashi ya kare shi ba. An binne shi a ƙarƙashin matakalar ofishin yaɗa labarai, cikin kwalaye, tare da ragowar gwangwanayen fenti. Ya rasu ya bar ɗaruruwan tsofaffin ɗalibai da ke ambatonsa wajen neman aiki, da matasa masu dako waɗanda suka san rabin littafi, da yara arba'in da biyu da har yanzu suke taruwa a siton da safe, su zauna, su watse. Hukumar tashar ta shaida wa iyayensu cewa idan shekara ta ƙare babu malami, za ta karɓe sitonta ta zuba buhunan siminti a ciki.

A watan gobe ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta yi baje kolin hotunan marigayin, kuma an gayyace ka. Je ka, amma kada ka zauna. Tsaya a gaban shugabannin ka nemi a tura malamai biyu da za su zauna shekara guda cur. Idan aka tambayi wanda zai je, faɗi sunanka.